Ranar da Mushe Alƙasum Ya Aika Kansa a Takarda

Duk wanda ya zauna Tawa a shekarun farko na mulkin kai bai san Mushe Alƙasum na gidan waya ba, to zaman banza ya yi. Allah ya yi wa garin baiwa iri-iri, ya ba shi kasuwar dabbobi, ya ba shi 'yan kokawa da makaɗa, amma da ya tashi cika masa alheri sai ya ba shi Mushe Alƙasum. Mushe ɗin nan laƙabi ne na Faransanci da ake girmama ma'aikaci da shi. Mutum ne dogo, mai ɗan tumbi sabon fitowa da yake lallaɓawa kamar jariri. Alƙalami uku ne jere a aljihun rigarsa, ɗaya ne kawai mai tawada. Ba ya rabuwa da tabarau, ko da yake idonsa garau yake, yana iya hango fara a bisa dutse. Takalmansa baƙaƙe ne na fata, masu ƙara, don a san ya taho tun bai iso ba. Tun da ya dawo daga Faransa babu mahalukin da ya sake ganin yatsun ƙafarsa, ko masallaci da safa yake shiga.

Faransa kuwa ya je ta, wannan ba ƙarya ba ne. An tura shi sitaj, wato ƙaro sanin aiki, na wata huɗu. Shi dai in zai ba da labari cewa yake yi, "shekarun da na yi Turai," kuma babu mai gyara masa, don ba a gyara wa babban mutum lissafi. Abin da aka aike shi koyowa buga waya ne, ƙwas-ƙwas da ɗan ƙarfe, saƙo ya bi igiya ya fita Yamai ko Damagaram. Abin da ya dawo da shi kuwa akwati ne shaƙe da littattafan tatsuniyar Nasara, irin waɗanda ake sayarwa a tashar jirgin ƙasa, masu hoton mutane da tukwane kife a ka suna yawo cikin taurari. Nasaran da suka rubuta su sun san tatsuniya suke yi. Mushe Alƙasum ne kaɗai, saboda zurfin basira, ya gane cewa labarin gobe ne aka rubuto masa tun yau.

Kullum bayan la'asar akan shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaron ƙofar gidansa, shi kuma a kafa masa kujerar ƙarfe, don ilimi ba ya zama ƙasa. Can sai matarsa Kadidiya ta turo ƙatuwar ƙwarya ta fura, mai kauri, wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Kada wani ya ce don furar ake zuwa. Don ilimi ake zuwa. An dai lura cewa ilimin ya fi shiga in ludayi yana zagayawa, kuma ranar da aka rasa nono a gari duk ɗaliban Mushe sun sami uzuri.

Furar nan tana da asali, kuma asalinta ba gidan waya ba ne. Can arewa, gaba da Takanamat, akwai wani ƙauye da ake kira Aduwa Bakwai, inda aka yanke cibiyar Mushe. A nan gidansu yake da wata gona cikin kwari, inda ruwa ke kwanciya, wadda ko shekarar fari ba ta kunyata mai ita. Gonar gandu ce, ba a raba ta gado, babban gida ne ke danƙa ta ga wanda ya cancanta. Mahaifin Alƙasum ne ke riƙe da ita har ya rasu, lokacin yaron yana lakwal, wato makarantar boko, a Tawa. Sai ƙanen mahaifin, Baba Manzo, ya karɓe ta amana, ya ce yana ajiye wa ɗan ɗan'uwansa har ya girma. Wanda ke sunkuyawa a cikinta kuwa Talle ne, wani ɗan gidan da ya tashi maraya, shekara goma sha shida yana noma ta, kuma duk kaka sai ya ɗoro wa raƙuma taikunan hatsi zuwa Tawa. Mushe bai taɓa tambayar ko Talle yana da bayan da ke ciwo ba. A majalisa dai yakan yi nuni da alƙalami wajen arewa ya ce, "gonakina."

Darasin da ya fi so, wanda ya yi ya fi sau talatin, shi ne na aika mutum ta waya.

"Ku saurara, jama'a," in ji shi, yana gyara tabarau. "Lasiyans, wato kimiyya, ta gama da tahiya. Nan da shekara goma ba mota, ba raƙumi, ba jaki. Mutum, in kun bincika, tarin ƙwayoyi na ƙanana, atom sunansu, ku kira su ƙwayar zarra in bakinku bai iyawa. Sai a shiga da kai ɗaki, wata na'ura, mashin, ta karanta ka tun daga gashin kai har farce, ta rubuta inda kowace ƙwaya take. A buga bayanin ta waya awa yadda nike bugawa Yamai. Can kuma wata mashin ta amsa, ta jera ƙwayoyi, sai ga ka tsaye da hularka. Yamai, Faransa, wata, taurari, duk kahin ka haɗiye yawu. Telefortasiyo ke nan."

Aka yi ta jinjina kai, ludayi na zagayawa. Sule mahauci, wanda ya san abin da ke cikin fata fiye da kowa a wurin, ya share baki.

"Mushe, naman fa? Igiyar wayar nan na gan ta, ko hanjin kaza bai bi ta ciki."

Mushe ya yi murmushin tausayi. "Nama ba shi tahiya, Sule. Bayani ɗai ka tahiya. Nama da ƙashi da jini, ai duk ƙasa ta da ruwa da iska. Can inda anka aike ka akwai su, da su za a haɗa ka."

"To shi wanda yash shiga ɗakin nan Tawa fa? In an haɗa wani can, kun zama biyu ke nan. Wa ka kwana gidan?"

Tambayar ba ta girgiza Mushe ba, don ya karanta amsarta a littafi na uku, mai jan bango. "Ba a barin biyu. Wanda yar rage nan, mashin ta narkar da shi, da wutar da ta hi ta maƙera dubu."

"Ashe dai yanka na," in ji Sule. "Mu ma muna yi, Mushe, sai dai mu ba mu cewa ragon ya tahi Yamai."

Dariya ta tashi. Mushe Alƙasum ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya furta maganar da daga baya kowa ya haddace ta a Tawa.

"Ku riƙe wagga magana, ku gaya ma ɗiyanku. Mutum ba kome ba na sai bayaninai. In bayani ya isa, mutum ya isa. Abin da yar rage baya saura na, ba shi da wani hakki."

Ya koma ya zauna, yana jin daɗin kansa har cikin ƙashi.

Akwai mutum guda a majalisar da ba don fura yake zuwa ba, shi ne Mushe Isufu, malamin lissafi na lakwal, siriri, mai alli a hannun riga. Washegari ya zo da takarda. A kanta ya rubuta bakwai, ya jera mata sifiri ashirin da bakwai a baya, ya ce wannan shi ne kimanin yawan ƙwayoyin da ke jikin mutum guda. Sannan ya tambayi Mushe Alƙasum kalma nawa yake bugawa a minti.

"Ashirin da biyar," in ji Mushe, yana tura tumbi gaba. "Ban da na biyu ƙasar ga."

"Madalla. To mu ce kowace ƙwaya kalma guda ta ishe ta, ko da yake ba ta isa. Mu ce ba ka ci, ba ka barci. Mu ce duk mutanen duniya, har jarirai, sun zauna suna taya ka bugawa. Na yi lissahin, za a gama aika ka Yamai bayan shekara miliyan dubu ɗari da wani abu."

Isufu bai tsaya nan ba. Ya ce ƙwayoyin nan don ƙanƙanta ba a duba su sai an taɓa su, da an taɓa su kuma sun gusa daga inda suke, aikin ya zama irin na mai ƙirga zabi da jifa. Ya ce kuma zancen isa taurari kafin haɗiyar yawu a bar shi, don babu saƙon da ke tsere wa haske, shi kuwa hasken kansa minti takwas yake yi a hanya daga rana, daga tauraro mafi kusa kuma sai ya shekara huɗu.

Da wani ƙaramin mutum ne, da ya daburce. Mushe Alƙasum kuwa cire tabarau ya yi, ya hura, ya goge, ya mayar. Ya ce mashin ɗin gobe za su fi hannunsa sauri, ko da yake da wuya. Sannan ya ba da hujjar da ta rufe bakin kowa: Isufu bai taɓa wuce Doso ba, yaya za a yi ya san abin da ke cikin taurari? Aka ce gaskiya ne, aka miƙa hannu ga ludayi.

Ana haka bazara ta kankama, zafi ya sauko, gajimare ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Ranar wata Lahadi, ranar kasuwar Tawa, sai ga Rissa ya durƙusar da raƙuminsa a gefen dogon yaro. Rissa Buzu ne mai zirga-zirga tsakanin ƙauyukan arewa da birni, yana ɗaukar kaya, yana ɗaukar saƙo. Bai san baƙi ko ɗaya ba, amma in ka ba shi magana a baki, haka zai sauke ta, ba ragi ba ƙari, ko bayan kwana goma. Ya gaisa, ya sha fura ta ƙarƙashin amawali, sannan ya fuskanci maigidan.

"Baba Manzo ya ce in gaishe ka. Ya ce idonai ya fara duhu. Ya ce cikin waɗanda sunka taka iyakar gonar kwari da ubanka, shi ɗai yar rage. Ya ce ka taho kahin ruwan shuka, ka taka iyaka, shi danƙa maka amanarka tun shina ganin duwatsu."

Mutanen Aduwa Bakwai ba su da takardar gona, ba su kuma taɓa jin rashinta ba. In za a danƙa wa mutum gona, dattijon da ya san iyaka ne zai shiga gaba, mai karɓa ya bi bayansa ba takalmi, shaidu na biye. A kowace kusurwa mai karɓar zai haƙa rami da hannunsa ya dasa tushen gamba. Wanda ƙafarsa ta zagaya, hannunsa ya dasa, shi ne mai gona, kuma duk wanda ya tsaya ya gani zai ba da shaida har ya mutu. Mushe Alƙasum ya san wannan sarai, a cikinta aka haife shi.

Ba gonar ce ta dame shi ba, takalman ne. Ya hango kansa a bayan kamyon Takanamat, babbar motar kaya, tsugune tsakanin awaki da buhunan gishiri. Ya hango tafiyar rabin yini daga nan zuwa ƙauyen. Abin da ya fi tsorata shi kuwa, ya hango Mushe Alƙasum na gidan waya, wanda ya yi shekaru Turai, ya tuɓe takalmi da safa, ya naɗe wando, yana ɗingishi cikin ƙarangiya a bayan tsoho, ƙauyawa na kallo, kuma Rissa zai kawo labarin Tawa ba ragi ba ƙari. Sai ya ce a gaya wa Baba biro, wato ofis, ba ta iya rashinsa ko na yini guda, in ya tashi ƙasar za ta kurumce.

Kafin Rissa ya tashi, Mushe ya ƙara masa da nasiha, cewa ya fara neman wata sana'a, don kwanan raƙumi ya ƙare. Ya maimaita masa darasin a taƙaice. Rissa ya saurara tsaf.

"Ita mashin ta can, wadda ka amsa, wa ka kai ta Aduwa Bakwai?"

"Za a kai ta."

"Bisa mi?"

Mushe ya duba agogo, ya ce lokacin salla ya gabato.

Lahadi ta zagayo, Rissa ya dawo da saƙo gajere. Baba Manzo ya ce Juma'a mai zuwa za a taka iyaka bayan an sauko masallaci, ba zai ƙara jira ba, don duwatsun sun fara ɓace masa. Kadidiya, wadda ita ce ke shiga rumbu kullum ta san abin da ke ciki da inda ya fito, ta tare mijinta a zaure.

"Mushe, ka dai tahi. Kwana ukku na, tahiya da dawowa. In gonar ga ta kuɓuce, mi za mu dama?"

Ya ce mata sha'anin lasiyans ba na madafa ba ne. Ai a daidai lokacin wata dabara ta riga ta faɗo masa, irin wadda ba ta faɗo wa mutum sai sau ɗaya a ƙarni.

Da tsakar rana, kowa ya tafi hutu, Mushe ya buɗe biro ya shiga ya sa sakata. Ya tuɓe takalmin dama, ya zare safa, ƙafar ta fito fara sol, taushi kamar tuwon shinkafa. Ya ɗora ta a kan babbar takarda, ya sunkuya da ƙyar saboda tumbi, ya zagaye ta da alƙalamin nan mai tawada, yatsa bayan yatsa. Ƙafa suke so? Ga ƙafa. Ya hau sikelin da ake auna kaya ya rubuta nauyinsa. Ya rubuta tsawonsa, da faɗin wuyansa, da tabon da ke gwiwarsa, da yawan haƙoransa. Ya liƙa hotonsa na Faransa, wanda ya dafa wata mota da ba tasa ba. Ya buga hatimi uku, ya sa hannu da wutsiya mai lanƙwasa.

Da la'asar majalisa ta cika. Ya ɗaga ambulan sama da hannu biyu.

"Jama'a, yau tarihi na. Mashin ba ta iso ba tukuna, amma asalin ilimin guda na. Duk abin da ni ke, ga shi cikin nan. Wanga shi na telefortasiyo na farko ƙasar Nijar, kuma ku ne shaidu. Ran Juma'a ina nan Tawa, ina can Aduwa Bakwai."

Ya miƙa wa Rissa, ya kuma sa shi ya haddace bayanin da zai yi wa dattawa, tun daga nama da ƙasa da ruwa har zuwa maganar nan ta saura. Rissa ya maimaita sau ɗaya, bai kuskure ko kalma ba, ya cusa Mushe Alƙasum a jakar fata tare da cuku da ganyen shayi. Mushe Isufu ya tambaya a hankali ko minti nawa tafiyar za ta ci. Rissa ya ce kwana biyu, in raƙumin bai yi gardama ba.

Daga ranar sunansa ya koma Mushe Nan-da-Can. In ya fito da safe sai masu teburi su ce, "Mushe, an dawo lahiya? Ina mutanen arewa?" Shi kuwa ya ɗaga hannu cikin ƙasaita ya ce tafiya ta yi kyau, ba gajiya. Ranar Juma'ar da aka ambata ma, bayan an sauko masallaci, an gan shi zaune a kujerarsa ido rufe, yana ɗan motsa ƙafa cikin takalmi. Da aka tambaye shi sai ya ce a yi shiru, yana kusurwa ta biyu.

Kwana uku bayan haka ruwan shuka ya sauka, mai yawa, har koramu suka cika suka yanke hanya. Rissa bai zo Lahadin nan ba. Ta gaba ya zo, ya tarar da majalisa maƙil, don kowa na son jin yadda aka karɓi baƙon. Ya ce saƙon na dattawa ne, ko Mushe zai so su keɓe?

"Hwaɗi gaban kowa," in ji Mushe, yana harɗe ƙafa. "Lasiyans ba ta ɓoyo."

Rissa ya gyara zama.

"Baba Manzo ya ce in gaishe ka. Ya ce ka iso lahiya ran Talata. An shimfiɗa maka tabarma, an aje maka ruwa, ba ka sha ba. An gaishe ka, ba ka amsa ba, anka ce gajiya ta. Na yi musu bayaninka duka, sun ce sun gamsu. Ran Juma'a anka kai ka bakin gona, anka aje ka ƙasa ga kusurwar aduwa. Baba ya shiga gaba, yac ce ka biyo shi. Anka jira. Ba ka taka ba. Iska ta taso za ta tahi da kai gonar maƙwabta, Talle yaj ji tausai, yaɗ ɗauke ka, yas sa ka aljihu, yac ce shi zagaya da kai kada ka ji kunya."

Ludayi ya tsaya a hannun wanda yake hannunsa.

"Talle ya tuɓe takalmi, ya bi Baba. Da anka zo kusurwa anka hiddo ka, anka ba ka hauya, ba ka amsa ba. Talle yag gina, yad dasa gamba. Haka kusurwa huɗu. Da anka gama, Baba yat tambayi shaidu ƙahwar wa sunka gani, hannun wa sunka gani. Sunka ce mu dai ba mu yin shaidar zur, na Talle munka gani."

Mushe ya sauke ƙafar da ya harɗe. Ya buɗe baki, Rissa ya ɗaga hannu, don bai gama ba. Ya zaro wata takarda naɗe da zare, rubutun ajami na limamin ƙauyen, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba ya ce shi ba shi cin amana, ga gonarka. Ya sa liman ya rubuta ta duka, kusurwa huɗu, da aduwa, da gawo ukku, da inda ruwa ka kwanciya, har ramin kurege. Ba a rage kome ba. Ya ce ƙasa ba ta tahiya, bayani ɗai ka tahiya, kuma ya san Tawa ba ta rasa ƙasa da ruwa da iska, sai ka haɗa abarka nan. Ya ce tunda bayani ya isa, gona ta isa. Wadda tar rage can saura ta, ba ka da wani hakki gare ta, an bar ma Talle shi yi ta wahala da ita."

Babu wanda ya yi dariya da farko, don abin ya wuce dariya. Sule mahauci ne ya leƙa cikin ƙwaryar furar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi Mushe Isufu ko a lissafinsa hatsin takarda wata nawa yake yi kafin ya nuna.

Washegari tun da safe aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Biro ta iya rashin Mushe Alƙasum, ƙasar kuma ba ta kurumce ba. Ga shi can a bayan kamyon Takanamat, bunsuru na shinshinar alƙalumansa, wata tsohuwa ta ɗora masa kwandon kaji a cinya. Motar ta kafe sau biyu a laka, sau biyun kuma aka sauke shi ya tura. Daga Takanamat ya kama hanya a ƙasa. A korama ta farko takalmin hagu ya buɗe baki, a ta biyu na dama ya zauna cikin taɓo sai da ya sa hannu ya ciro shi. Safar ta bi ruwa. Haka ya ƙarasa, takalma rataye a wuya, wando naɗe, ƙarangiya ta yi wa fararen ƙafafun nan ado har idon sawu. 

Ta bakin gonar hanyar ta bi da shi. Hatsi ya fito kore shar, layi-layi, kwarin ya sha ruwa ya ƙoshi. A kusurwar aduwa ga sabon tushen gamba ya kama, har ya yi toho. Bai taɓa ganin gonar ta yi masa kyau haka ba.

Ya sami Baba Manzo zaune a tabarma a ƙofar gida, idanun sun gama rufewa, fari fat. Talle na gefe yana gyara ƙotar hauya. Mushe ya durƙusa, abin da gwiwarsa ta daɗe da mantawa.

"Salamu alaikum, Baba. Ni na, Alƙasum. Na taho."

Tsohon ya karkata kai wajen muryar.

"Alƙasum wane? Namu ai ya iso tun kwana ashirin. Shina nan aljihun Talle. Yaro mai ladabi, tun da yaz zo bai ɗaga muna murya ba."

"Baba, waccan takarda ta! Ni na Alƙasum na gaske, da jini da nama!"

Baba Manzo ya miƙa hannu yana lalube. Ya shafa tabarau, ya shafa alƙaluma uku, ya gangaro ya dafa tumbin, ya sauka har ƙasa ya taɓa yatsun da ƙaya ta cika. Ya daɗe riƙe da su.

"Af! Kai na sauran? Ashe ba su narkar da kai ba." Ya juya wajen Talle. "Kawo ma saura ruwa shi sha, bawan Allah. Ka ga da ƙahwa yat taho."